Maƙabartar Yahudawan Tarabulus da kusheyin da babu mai su a Damargu

Bayan kakar da ta wuce na je gida ƙasar Belbeji, sai na iske ana wata gardama a wani ƙauye da ke cikin kwarin Tarka. A gabashin ƙauyen akwai ɗan tudu mai duwatsu jere-jere, wanda tsofaffi ke kira kusheyin fatake. Babu wanda ya san sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ke kwance a wurin. Abin da aka gada a baki shi ne matafiya ne, ciwo ya kama su a zango, aka rufe su nan, ayari ya wuce. To, wani magidanci da gonarsa ke maƙwabtaka da tudun ya tura shukarsa zuwa ciki, ya kwashe duwatsun ya tara su a gefe. Da dattawa suka yi masa magana a ƙofar mai gari, sai ya ce wa babbansu: "Baba, waɗannan mutane fa ba namu ba ne, kuma ba su da kowa. Ni kuwa baki goma sha ɗaya nake ciyarwa." Dattawa suka yi shiru, domin kowa ya san rumbunsa bai cika ba.

Maganar nan tasa ta bi ni har Yamai. Ban ga laifin mai neman abin da zai ba iyalinsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar nan, "ba su da kowa", domin ita ce ta ci wata babbar maƙabarta da ke can ƙarshen hanyar da waɗannan fatake ke bi, watau maƙabartar Yahudawan birnin Tarabulus na ƙasar Libiya. Labarinta zan kawo muku, sa'annan mu dawo gida mu duba namu.

Hanyar da ta haɗa mu da su

Samarin yau sun san Libiya da wurin neman kuɗi, inda ake zuwa a bayan mota ta Agadas da Dirku. Kakanninmu sun san ta tun ba a yi mota ba. A ƙarni na 19 babbar hanyar ayari tana tasowa daga Tarabulus a bakin Bahar Rum, ta bi Gadamas da Gat, ta ratsa Abzin, ta sauko Damargu, sa'annan ta shiga Zinder da Kano. Damargu ce rumbun hatsin Abzin, nan ne ayari ke hutawa bayan wahalar hamada, kuma Jajiduna tana cikin manyan zangunan wancan zamani. Ta Gat da Abzin ɗin nan ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso mu. Shi da abokan tafiyarsa biyu sun bar Tarabulus a watan Maris na 1850, suka sauka Damargu a watan Janairu na 1851, kuma a Tagelel suka rabu kowa ya kama gabansa.

Raƙuman da ke saukowa kudu suna ɗauke da yadi, da takarda, da sukari, da tsakiya, da turare. Masu hawa arewa kuwa suna ɗauke da hauren giwa, da jemammun fatu, da gashin jimina, kuma ana kora bayi tare da su, abin da bai kamata mu ɓoye ba. Damargu ta yi suna wajen gashin jimina. Daga wajen 1870 matan Turai suka shiga yayin ƙawata hulunansu da shi, kuɗinsa ya hau ƙwarai. Adamusawa, watau fataken Gadamas, su ne ke tafiyar da yawancin ayarin, suna da gidaje a unguwar Zango ta Zinder da cikin birnin Kano. Amma a can Tarabulus, jarin da yawa daga hannun gidajen ciniki na Yahudawa yake fitowa, irin su gidan Arbib, da na Nahum, da na Hassan. Su ne ke ba fatake kaya bashi, su yi jiran shekara ko fiye, in ayari ya komo su karɓi gashin, a tsince shi daki-daki, a ɗaure, a sa a jirgin ruwa zuwa Landan da Paris. Ke nan gashin da aka fige a jikin jiminar Damargu, ba ya kai wa kan hular baturiya sai ya bi ta hannun Bayahuden Tarabulus.

Wannan ciniki ya mutu a hankali. Turawan Afirka ta Kudu sun koyi kiwon jimina da yawa, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a watan Oktoba na wannan shekara Italiya ta kama Tarabulus, sa'annan yaƙin 1914 ya karya kasuwar gashin baki ɗaya. Wasu daga cikin ƴan kasuwar suka biyo cinikin ta teku. Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus, ya zauna Kano ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen gyaɗa, kuma sunan gidansa ne ƙungiyar ƙwallon Raccah Rovers ta ɗauka, wadda ta ci gasar Nijeriya a 1978. Masu shekaru a cikinmu sun ji sunan a rediyo. Saboda haka mutanen da ke kwance a maƙabartar da nake magana a kai, abokan cinikin kakanninmu ne da iyalansu.

Maƙabartar da mutanenta

Yahudawa sun zauna ƙasar Libiya tun zamanin Girkawa da Rumawa, ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Musulunci. A Tarabulus unguwarsu tana cikin ganuwa, ana kiranta Hara, kuma kashi biyu ce, babba da ƙarama. Maƙabartarsu tana bayan ganuwa ta yamma, kusa da teku, ba nisa da ƙofar da ake kira Babul Jadid, watau Sabuwar Ƙofa.

Wanda ya ga jana'izarsu zai ga ta yi kusa da tamu. Ba su barin gawa ta daɗe, suna yi mata wanka, su sa ta cikin farin likkafani, su rufe ta a ƙasa. Da yake fassara ce aikina, na lura cewa kalmar da suke kiran wankan gawa da ita, tahara, ƴar'uwar ɗahara ce ta Larabci, kuma kalmarsu ta kabari, kever, tushenta ɗaya da namu kabarin. Suna kiran maƙabarta gidan rai. Mai ziyara yakan aza ɗan tsakuwa a kan kabari, alamar cewa wani ya zo. A shari'arsu wurin da aka rufe mutum nasa ne har tashin ƙiyama, ba a tone shi sai da lalura mai ƙarfi.

Babban malaminsu na Tarabulus shi ne Shimon Labi. An haife shi a ƙasar Andalus, yana yaro aka kori Yahudawa daga can a 1492, ya tashi a birnin Fas na Maroko. A 1549 ya biyo ta Tarabulus da niyyar wucewa ƙasa mai tsarki, sai ya iske ƴan'uwansa sun kusa manta addininsu, saboda birnin ya yi shekaru a hannun Sipaniyawa da mayaƙan Malta. Ya fasa tafiya ya zauna yana karantarwa har ya rasu, kuma a Tarabulus aka binne shi. Shekara biyu bayan zuwansa, a 1551, Turkawa suka karɓi birnin, jama'ar ta sake yawaita. Kafin 1941 Yahudawa sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Tarabulus, suna da ɗakunan ibada 44. A cikinsu akwai attajirai, amma mafi yawa maƙeran azurfa ne, da maɗinka, da ƴan koli, da talakawa masu neman na yau. Dukansu wuri ɗaya ake kai su in kwana ya ƙare.

Yadda ta ɓace

Maƙabartar ba ta ɓace rana ɗaya ba. Da farko masu ita ne suka watse. A watan Nuwamba na 1945, lokacin da sojan Ingila ke riƙe da ƙasar, aka yi tarzoma a Tarabulus da garuruwan kewaye, aka kashe Yahudawa fiye da 130. An sake yin wata a watan Yuni na 1948. Yahudawan Libiya a lokacin sun kai wajen 38,000, kuma tsakanin 1949 da 1951 fiye da 30,000 suka bar ƙasar, yawancinsu zuwa Isra'ila. Ƴan dubban da suka rage sun zauna a ƙarƙashin Sarki Idris har watan Yuni na 1967, sa'ad da yaƙin kwana shida ya sake tayar da tarzoma, aka kwashe kusan dukansu zuwa Italiya, kowa da akwati ɗaya da ƴan kuɗi kaɗan. Ya kamata a faɗi cewa a 1945 da 1967 an sami Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Yahudawa a cikin gidajensu, suka tsirar da su.

Mataki na biyu doka ce. Kanar Gaddafi ya karɓi mulki ran 1 ga Satumba 1969, a watan Yuli na 1970 kuma aka yi dokar ƙwace dukiyar Yahudawan da suka bar ƙasar. Daga nan sai mataki na uku. A cikin shekarun da suka biyo baya aka sa katafila ta baje maƙabartar Tarabulus da ta Bangazi, aka shimfiɗa tituna, aka tayar da manyan gine-gine. Bayahudiya ta ƙarshe, wata tsohuwa, an ɗauke ta zuwa Roma a 2003.

Halin da wurin yake ciki a yau gajere ne wajen faɗa: babu abin da ya rage a bisa ƙasa. Wanda ya zo neman kabarin uwarsa, kwalta da siminti zai tarar, motoci suna wucewa. Jikokin mamatan suna Italiya da Isra'ila, suna tattara sunaye da tsofaffin hotuna, kuma sun buɗe gidan tarihinsu a garin Or Yehuda. A watan Oktoba na 2011, bayan an kori Gaddafi daga Tarabulus, ɗaya daga cikinsu mai suna David Gerbi, wanda ya bar birnin yana yaro a 1967, ya komo ya fara share ɗakin ibadar Dar Bishi da ke cikin tsohuwar unguwarsu. Kwanaki kaɗan aka yi, masu bindiga suka hana shi, ya sake barin ƙasar. Ɗakin ibada ko ya lalace ana iya share shi wata rana. Maƙabartar da aka yi gini a kanta kuwa ta tafi ke nan.

Ku lura da kyau, katafila ce ta zo daga ƙarshe. Abin da ya share mata hanya shi ne kowa ya yarda a zuciyarsa cewa waɗannan matattu ba su da kowa.

Abin da dutse ɗaya ke faɗa

Wani zai ce, to mene ne aka rasa, ba ƙasusuwa ba ne da duwatsu? Amsar tana wata hanyar ayarin, wadda ta bi ta Tawat, a cikin hamadar ƙasar Aljeriya ta yau. Garin Tamantit na Tawat ya taɓa zama mazaunin Yahudawa masu ciniki da ƙira. Wani ɗan kasuwar Italiya, Antonio Malfante, ya rubuto wasiƙa daga can a 1447 yana ba da labarin yawansu da zaman lafiyarsu. Wajen 1492, shekarar da aka kori su Shimon Labi daga Andalus, Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili ya tayar da jama'a aka rushe ɗakin ibadarsu, aka kashe wasu, sauran suka watse. Malaman zamanin ba su haɗu a kan wannan hukunci ba, alƙalin Tawat da kansa, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi shi. Wannan Magilin ne ya zo Takadda a ƙasarmu, ya je Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya je Katsina da Gao.

Bayan shekaru ɗari huɗu, a 1903, wani masani Bafaranshe mai suna Gautier ya sami dutsen kabari a Tawat da rubutun Ibraniyanci a jikinsa. Na wata mace ne, kuma shekarar da aka rubuta ta dace da 1329. Wannan dutse ɗaya ya tabbatar da abin da ake ji a baki, ya ba da shekara, ya nuna cewa akwai masu ilmin rubutu da masu sassaƙa a cikin jama'ar. To, in dutse ɗaya ya faɗi wannan, ku auna abin da dubban duwatsun Tarabulus za su faɗa game da shekarun annoba da na yunwa, da asalin gidaje, da sunayen mutanen da suka yi hulɗa da Zinder da Kano. Maƙabarta kundin rajista ce ta waɗanda ba a rubuta su a littafin sarakuna ba. Wanda ya baje ta ya ƙona kundin.

"Ina ruwanmu da kabarin Bayahude?"

Na san wasu masu karatu za su yi wannan tambaya, su ce ga abin da ake yi wa Falasɗinawa, kai kuwa kana kukan kaburburan Yahudawa. Tambaya ce da ta cancanci amsa, ba zan kauce mata ba.

A birnin Ƙudus, yamma da tsohuwar ganuwa, akwai tsohuwar maƙabartar Musulmi da ake kira Ma'manullah ko Mamilla, inda malamai da sarakuna da mayaƙa na ƙarnuka da yawa ke kwance. Bayan 1948 ta faɗa hannun Isra'ila. Aka mai da wani sashe nata lambun shaƙatawa, wani wurin ajiye motoci, kuma a 2008 kotun ƙolin Isra'ila ta yarda a gina gidan tarihi a wani ɓangare, aka kwashe ƙasusuwan mutane. A watan Janairu na 2024 tashar CNN ta ƙidaya aƙalla maƙabartu 16 da sojan Isra'ila suka ɓata a Gaza. Wannan ɓarna ce, kuma duk mai imani ya ji zafinta.

Amma da wace hujja muke ƙin ta? Muna cewa mamaci yana da alhaki, ko ƙasar ta koma hannun wani, ko danginsa sun yi gudun hijira. In wannan hujja gaskiya ce a Ƙudus, to gaskiya ce a Tarabulus. Ba a auna wa mutum da babban mudu a auna wa maƙwabcinsa da ƙarami. Yawancin waɗanda ke kwance a bakin tekun Tarabulus sun mutu tun ba a kafa ƙasar Isra'ila ba, ba su taɓa ƙwace gonar kowa ba. Rama laifin rayayye a kan mamaci ba ya mayar wa Bafalasɗine ko taki ɗaya na ƙasarsa.

Addininmu ma bai bar mu cikin duhu ba. Ya zo a Buhari da Muslim cewa an wuce da gawa ta gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya miƙe tsaye. Aka gaya masa ai gawar Bayahude ce, sai ya nuna musu cewa shi ma rai ne. An kuma hana mu zama a kan kabari, an gaya mana cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai.

Akwai kuma wani abin dubawa. Hannun da ya saba da kabarin baƙo ba ya tsayawa nan. Mulkin da ya baje maƙabartar Yahudawa, shi ne a cikin shekarun 1980 ya rushe hubbaren Shaihu Muhammadu ɗan Ali as-Sanusi a Jagbub, shugaban ɗariƙar da ke da almajirai har nan ƙasarmu. A watan Agusta na 2012 wasu mutanen dabam, da tasu hujjar dabam, suka kai katafila hubbaren Sha'ab ad-Dahmani a tsakiyar Tarabulus da rana tsaka, suka kuma ɓata na Shaihu Abdussalami al-Asmar a Zilitin. A wannan shekarar aka farfasa hubbaren waliyyan Tumbutu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wata ƙasar ta bi wata hanya

Kada a ɗauka cewa haka abin yake ko'ina masu maƙabarta suka tashi. Maroko ƙasar Musulmi ce, kuma Yahudawanta, da suka kai wajen 250,000 a cikin shekarun 1940, yau ba su wuce ƴan dubbai kaɗan ba. Kaburburansu sun warwatsu cikin birane da ƙauyukan duwatsu, da yawa sun cika da ciyawa da shara. A 2010 Sarki Muhammadu na shida ya ba da umurnin gyara su. Cikin ƴan shekaru aka gyara maƙabartu 167, aka kewaye su da katanga, aka sa ƙofofi, aka tayar da dubban duwatsun da suka faɗi. A wurare da yawa masu gadin Musulmi ne, wasunsu sun gaji aikin daga iyayensu, kuma su ne ke nuna wa baƙon da ya zo daga Faransa ko Kanada inda kakansa yake. Sarkin ya kuma taimaka da kuɗi aka gyara kaburburan Yahudawan Maroko da suka je ciniki tsibiran Kap Ber a ƙarni na 19, aka yi bikin na birnin Praia a 2013.

Maroko ba ta rasa kome da wannan aiki ba. Addininta yana nan, ƙasarta tana nan. Ta sami baƙi masu zuwa ziyara kowace shekara, ta kuma riƙe wani babi na tarihinta wanda Libiya ta yaga da hannunta.

Mu dawo gida

Abin da muke da shi a Damargu shi ne kusheyin da babu mai su, kuma suna da yawa: na fatake da bayin da suka mutu a hanya, na kufan garuruwan da yunwa ko yaƙi ya tayar, na makiyayan da aka rufe a bakin rijiya danginsu suka yi gaba, da tarin duwatsun mutanen da, waɗanda suka riga Musulunci. Duk suna cikin halin da maƙabartar Tarabulus ta shiga bayan 1967, watau babu mai tsaya musu.

Matsin kuwa ƙaruwa yake. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17. Gona tana cin daji, gari yana cin gona. Belbeji da kanta, tun da ta zama gunduma a 2011, ana ta yankan filaye da gine-gine. Mun kuma ga abin da sakaci ke jawowa a cikin ƙasarmu. An gano tsohuwar maƙabartar Bura, a ƙasar Tera, a 1975, masanin nan Bube Gado ya yi aikin tono a wurin a 1983, ya fito da tukwanen binne mutane da mutum-mutumin yumɓu da suka ba duniya mamaki. Da labarin ya bazu, sai masu haƙa suka afka wa yankin, suka sayar da abin da suka samu ga dillalan ƙasashen waje, wurare da yawa suka zama ramuka. A Gobero kuwa, cikin Tenere, inda aka gano kaburbura wajen 200 a shekara ta 2000, masana sun sami damar aiki a tsanake, aka san yadda mutane suka yi zaman kamun kifi a bakin tafki dubban shekaru da suka wuce, a inda yau babu kome sai rairayi.

Doka ba ta rasa ba. Akwai dokar tsarin karkara ta ran 2 ga Maris 1993, wadda ta kafa kwamitocin kula da filaye da aka fi sani da Kofo, tun daga gunduma har ƙauye. Akwai kuma dokar ran 30 ga Yuni 1997 ta kare kayan tarihi da al'adun ƙasa. Abin da ya rage shi ne aiki da su, kuma aikin bai fi ƙarfinmu ba. Ba mu da kuɗin Sarkin Maroko, amma muna da aguwa, muna da ƙaya, muna da gayya.

Ga abin da nake roƙo. Ku ma'aikatan hukuma, da sarakuna, da masu gari: kowane ƙauye ya zaga da kwamitin Kofo, a nuna duk inda aka san an taɓa rufe mutane, a auna, a rubuta shi a cikin kundi a matsayin filin jama'a, ko an san masu shi ko ba a san su ba. Kada a sa hannu a takardar yankan fili ko ta sayar da gona sai an duba wannan kundi. Inda aka tarar talaka ya riga ya shiga, kada a tsaya ga tsawa da tara: a nema masa madadi daga saurar gari, domin in aka bar shi da yunwarsa, baɗi zai koma. Samari su yi gayyar rana ɗaya kafin damina su dasa shingen aguwa. Malamai su faɗi hukuncin a huɗubar Juma'a, su kuma bayyana cewa bai tsaya ga kabarin Musulmi kaɗai ba. In an ga duwatsu masu rubutu ko tukwane, kada a haƙa, kada a sayar: a sanar da hukuma ta kira masanan jami'ar Yamai ko ta Zinder.

Ku kuma ƴan'uwa da kuka fito ajin yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi amfani. Ku ɗauki littafi da alƙalami ku zauna gaban tsofaffin garinku. Ku tambaye su: su wane ne ke kwance a tudun nan? Daga ina suka fito? Zamanin wane sarki ne, ko shekarar wace yunwa? Ku rubuta da boko, ko da ajami, ko da tifinar, ku ajiye ɗaya wurin mai gari, ɗaya a lakwal. Jikokin Yahudawan Tarabulus suna yin wannan aiki yau daga nesa, bayan wurin ya tafi. Mu namu yana nan tukuna, kuma tsofaffin da suka san labarin suna da rai.

Mu ma matafiya ne. Ƴaƴan Damargu nawa ne ke kwance a Sabha da Tarabulus, da Tamanraset, da Kano da Legas, da hanyar Makka ta Sudan? A can su ma baƙi ne, su ma wani zai iya cewa ba su da kowa. Abin da muke so a yi wa nasu kaburburan, shi ya kamata mu yi wa na baƙin da Allah ya bar mana amana.

Ranar da na baro ƙauyen nan na kwarin Tarka, duwatsun suna nan tare a gefen gona, mai gari kuma ya ce zai tara dattawa a sake zama. Dattijon da aka mai da wa magana ya gaya mini cewa har yanzu yana iya nuna inda kowane dutse yake tun farko. Ya haura shekara tamanin, damina kuma tana tafe. Allah ya sa a yi zaman da wuri, ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe amana.